Tawada a Kan Kwali: Tarihin Tara Katunan Besbol Masu Sa Hannun Gwarzayen Yankees

Besbol, wanda Amurkawa suka daɗe suna kira wasansu na ƙasa, wasa ne da ƙungiyoyi biyu masu mutum tara-tara ke bugawa, inda ɗan wasan wannan ɓangare ke jefo ƙwallo, na wancan ɓangaren ya tare ta da gora ya buga, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu da aka dasa a fili kafin a maido da ita. Idan bugun ya yi ƙarfin da ƙwallon ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, mai bugun kan zagaya tashoshin ba tare da kowa ya tare shi ba, kuma da yawan irin wannan bugu na tsallake katanga ake auna manyan mabuga. A gefen wasan ne wata al'ada ta tsiro, ta kuma shafe sama da shekara 150 tana canza kama, wato tara katunan 'yan wasa. Katin ɗan guntun kwali ne da bai cika tafin hannu ba, a fuskarsa hoton ɗan wasa da sunan ƙungiyarsa, a bayansa kuma taƙaitaccen tarihinsa da alƙaluman bajintarsa. Cikin masu tara katunan akwai rukunin da katin kaɗai bai ishe su ba sai ɗan wasan ya rattaba hannu a kansa, kuma da yawansu kan taƙaita nemansu ga gwarzayen ƙungiya ɗaya da suke goyon baya. Babu ƙungiyar da tarihin wannan al'ada ya fi bayyana a kanta kamar New York Yankees, wadda ta fara wasa a birnin Niyok a 1903 ana kiranta Highlanders, ta koma Yankees a 1913, ta kuma ci kofin World Series, wato gasar ƙarshe da ke fitar da zakaran shekara, har sau 27.

Kati da sa hannu ba tare aka haife su ba, kowanne ya daɗe yana tafiyarsa kafin kasuwa ta ɗaura musu aure. Asalin katin talla ce. A wajajen 1869 wani kantin kayan wasanni na Niyok mai suna Peck & Snyder ya buga hoton 'yan wasan Cincinnati Red Stockings, ƙungiya ta farko da ta fito fili tana biyan dukan 'yan wasanta albashi, ya sa tallar kantin a bayan hoton. Daga shekarun 1880 sai kamfanonin taba sigari suka karɓe ragamar, saboda kwalin taba na wancan zamani ba shi da ƙwari, ana bukatar wani abu mai tauri a ciki da zai hana karan taba karyewa, aka kuma ga cewa tunda dai sai an sa kwali, gara a sa mai hoton da zai ja mashayi ya koma sayen irin tabar. Kamfanin Goodwin, mai tabar Old Judge, ya fitar da hotunan ɗaruruwan 'yan wasa tsakanin 1886 da 1890, akasarinsu a ɗakin mai hoto aka ɗauke su, ƙwallo na rataye da zare, ɗan wasa na yin kamar zai cafke ta. Mafi shahara cikin katunan taba su ne guda 524 da American Tobacco Company ya fitar daga 1909 zuwa 1911, waɗanda a cikinsu ne katin Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh yake, katin da aka dakatar da buga shi tun da wuri domin ɗan wasan bai amince ba, shi ya sa waɗanda aka san suna nan a yau ba su kai ɗari ba.

Wanda ya yi wa harkar ƙa'ida shi ne Jefferson Burdick, wani ma'aikacin masana'anta a garin Syracuse, da ya fara fitar da kundin jerin katuna a 1939, kundin da daga baya aka san shi da American Card Catalog. Shi ne ya ba kowane rukunin kati harafi da lamba, har katunan taba na 1909 suka sami sunan T206 da ake kiransu da shi har gobe. Ya ba gidan adana kayan tarihi na Metropolitan a Niyok kyautar abin da ya tara, ya ƙare shekarunsa yana liƙa katunan cikin kundaye da hannunsa duk da ciwon gaɓoɓin da ya ci ƙarfinsa, ya rasu a 1963 jim kaɗan bayan ya gama. Tsarin Burdick ya dogara ne kan wanda ya buga katin da shekarar bugawa da irin hajar da katin ya rako, saboda haka abin da wani ya ƙara da alƙalami bayan kati ya fita kasuwa ba ya cikin lissafi, kuma wannan kallo ya daɗe yana jan ragamar masu tarawa.

Shi kuwa sa hannu, a duniyar besbol da wuya a ba da tarihinsa ba a fara da George Herman Ruth ba, wanda aka fi sani da Babe Ruth. Yankees sun saye shi daga Boston Red Sox kan dala 100,000 a cinikin da aka bayyana a watan Janairun 1920, ya yi bugun tsallake katanga sau 60 a kakar 1927 kaɗai, sau 714 kuma a tsawon rayuwarsa ta wasa, kuma jama'ar da yake ja ce ta sa ƙungiyar ta gina filinta na Yankee Stadium a unguwar Bronx a 1923. Kafin zamaninsa ana neman sa hannun shugabanni da marubuta fiye da na 'yan wasa, waɗanda ba a ɗauke su masu wani matsayi ba. Ruth ya taso ne tun yana ɗan shekara bakwai a makarantar kwana ta St. Mary's da ke Baltimore, inda ake kai marayu da yaran da suka gagari iyayensu, kuma ko da yake bahago ne a jifa da bugu, malaman makarantar sun koya masa rubutu da hannun dama, ya fita da rubutu mai kyau, zagayayye, mai sauƙin karantawa. Bai iya mayar da yaro hannu rabbana ba. A ƙofar fili, a tashar jirgin ƙasa, a asibitoci da gidajen marayu, duk wanda ya miƙo masa ƙwallo ko takarda ya kan sa hannu kyauta, har neman sa hannun ɗan wasa ya zama wani ɓangare na zuwa kallon wasa. Masu nazarin rubutunsa suna iya kimanta shekarar da ya sa hannu daga siffar rubutun, domin a farkon zamaninsa yakan sa kalmar Babe tsakanin alamun zance, abin da ya bari a ƙarshen shekarun 1920.

Sai dai mafi yawan abin da Ruth ya sa wa hannu ƙwallo ne da hoto da takardar littafin ajiye sa hannu, kati kuwa kaɗan ne, domin a lokacin da ya fi tashe katunan taba sun riga sun ja baya, na alewa kuma ba su da yawa. A 1933, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, kamfanin cingam na Goudey da ke Boston ya fitar da katuna 240 masu launi a kan kwali mai kauri, ana sayar da kati da ɓallin cingam kan sent ɗaya, kuma daga nan ne katin ya tashi daga aljihun mashaya taba ya koma hannun yara. Ruth ya fito a kati huɗu cikin jerin, abokin wasansa Lou Gehrig ya fito a biyu. Kamfanin ya bar lamba 106 ba kati, yara suka yi ta sayen cingam suna neman abin da ba a buga ba, sai a shekara ta gaba aka buga katin Napoleon Lajoie da wannan lamba aka aika wa waɗanda suka rubuto ƙorafi. Wasu 'yan tsirarun yara na wannan zamani sun gano wata dabara da ta ɗore har yau, wato a sa kati cikin ambulan tare da wasiƙar roƙo da wani ambulan na biyu mai adireshin mai aikawa da kan sarki a liƙe, a aika wa ɗan wasa ta adireshin ƙungiyarsa, a zauna jiran gidan waya. A 2020 wani tsoho ya rasu a jihar New Jersey yana da shekara 97, iyalansa suka tarar a gidansa da tarin katunan da ya shafe rayuwarsa yana aika wa 'yan wasa ta wannan hanya, ciki har da katunan Goudey na Ruth guda shida masu ɗauke da sa hannunsa, waɗanda ɗaya daga cikinsu ya haura dala 700,000 a gwanjo.

Gehrig kishiyar Ruth ne a hali da kuma a rubutu. Mutum ne mai kunya, mai ƙananan haruffa, wanda sau da yawa da fensir yake sa hannu, kuma ko da yake ya buga wasa 2,130 a jere ba fashi, cutar jijiyoyi da daga baya Amurkawa suka raɗa wa sunansa ta tsayar da shi a 1939, ya rasu ranar 2 ga Yunin 1941 yana da shekara 37. A shekarunsa biyu na ƙarshe hannun ya kasa riƙe alƙalami, sai matarsa Eleanor ke amsa wasiƙu da sunansa, a wasu takardun kuma ana buga hatimin roba. Daga nan ne ɗaya daga cikin tsofaffin matsalolin wannan harka ta fito, wato sa hannun wakilci, wanda ba a yi shi da nufin cuta ba amma kuma ba hannun mai sunan ba ne. Matan aure da 'yan'uwa da sakatarori sun sa hannu a madadin 'yan wasa, haka ma ma'aikatan ɗakin canza tufafi, waɗanda idan aka kawo ƙwallaye dozin-dozin domin dukan 'yan ƙungiya su sa hannu sukan cike gurbin manyan 'yan wasan da suka gaji ko suka zille. Wanda ya karɓi irin wannan ta gidan waya a 1940 bai yi ƙarya ba idan ya ce daga gidan Gehrig ta fito, amma kasuwa ba ta ɗaukarta a matsayin sa hannunsa.

Tawada ma shaida ce, kuma sau da yawa ita ke fara tona asirin jabu. Ruth da Gehrig sun yi zamaninsu ne da alƙalami mai shan tawada, wanda bakinsa kan buɗe idan an danna ya kuma tsuke idan an sassauta, ta yadda layin rubutu kan yi kauri a wani wuri ya sirance a wani, tawadar kuma ta nitse cikin kwali ta koma ruwan ƙasa-ƙasa da daɗewa. Biro bai shiga kantunan Amurka sosai ba sai a ƙarshen 1945, shekara huɗu bayan rasuwar Gehrig, don haka duk katin Gehrig da aka gani da rubutun biro ba ya bukatar dogon bincike. Ruth ya rasu a watan Agustan 1948, alƙalamin maka na Sharpie kuwa, wanda a yau shi ne abin sa hannu a kan kati, sai a 1964 ya fito, don haka katin Ruth mai rubutun Sharpie shi ma jabu ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Bowman na Filadalfiya ya farfaɗo da katunan cingam a 1948, sannan Topps na unguwar Brooklyn, mai cingam ɗin Bazooka, ya shigo da ƙarfinsa. A 1952 wani ma'aikacin Topps mai suna Sy Berger, tare da mai zane Woody Gelman, suka tsara jerin katuna 407 da ya zama abin koyi ga duk wanda ya biyo baya: babban hoto mai launi, tambarin ƙungiya, alƙaluman wasa a baya, sannan a cikin wani ɗan akwati a ƙasan hoton an buga kwafin sa hannun ɗan wasan, wanda aka ɗauko daga takardar yarjejeniyar da ya yi da kamfanin. Wannan kwafi na inji ne, ba ya ƙara wa kati daraja, amma ya dasa wa yaran wancan zamani tunanin cewa gurbin sa hannu a kan kati yake. Kati mai lamba 311 a jerin shi ne na Mickey Mantle, matashin da ya zo Yankees a 1951 daga jihar Oklahoma ya gaji wurin Joe DiMaggio a tsakiyar fili. Rukunin ƙarshe na katunan, wanda na Mantle ke ciki, ya fito a makare lokacin da kakar wasa ke ƙarewa, ya yi kwantai a ɗakin ajiya, kuma Berger da bakinsa ya ba da labarin cewa bayan wasu shekaru ya loda ragowar a jirgin ruwan kwasar shara aka zubar da su a tekun Atlantika. A watan Agustan 2022 aka sayar da guda ɗaya mai tsabta kan dala miliyan 12.6.

Wannan kati mai tsada ba shi da sa hannun Mantle na alƙalami, kuma da yana da shi, a ma'aunin da aka yi shekaru ana bi, da an ce ya lalace. Yaran shekarun 1950 da 1960 sun yi wasa da katunansu kamar yadda yara ke yi da kowane abin wasa: suna jifan bango da su a yi caca, suna ɗaure su da roba har gefuna su lanƙwashe, suna maƙala su a jikin waya ta ƙafar keke domin su riƙa ƙara kamar babur, iyaye mata kuma suka zubar da akwatunan bayan yaran sun bar gida. Da waɗannan yara suka girma suka sami abin hannu a shekarun 1970 da 1980, sai suka dawo neman yarintarsu da kuɗi, kuma abin da ya yi ƙaranci shi ne kati mai kaifin kusurwa da tsabtar fuska. James Beckett, wanda malamin lissafin ƙididdiga ne, ya fitar da littafin farashi a 1979 da mujallar wata-wata a 1984, kuma farashin da ke ciki na kati ne gwargwadon lafiyarsa. A wannan ma'auni rubutu rubutu ne, ko na ƙanin mai katin ne ko na gwarzon da ke jikin hoton, shi ya sa dillalai kan shawarci mutum ya kai wa Mantle kati mai araha ko hoto, ya ɓoye mai tsadar. Shawarar ta yi daidai a ranarta, amma ita ce ta sa tsofaffin katuna masu tsada da ke ɗauke da sa hannu na gaskiya suka yi ƙaranci, kuma da ra'ayin kasuwa ya juya a shekarun 2010 sai ya zamana waɗanda suka ƙi jin shawarar ne suka ci riba.

Su kansu 'yan wasan sun daɗe kafin su gane abin da ke hannunsu. Topps, wanda ya saye Bowman a 1956 ya zama shi kaɗai a kasuwa, yana biyan ɗan wasa dala 125 ne a shekara kan hotonsa, har sai da Marvin Miller, wanda ya karɓi shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa a 1966, ya sa suka ƙi sabunta yarjejeniya, kamfanin ya ninka kuɗin a 1968 ya kuma amince da ba su kaso daga ciniki. Wani hukuncin kotu na 1980 ya buɗe wa kamfanonin Fleer da Donruss ƙofa a shekara ta gaba, kuma a 1980 ɗin ne aka yi babban taron masu tara kayan wasanni na ƙasa karo na farko a Los Anjalis. A irin waɗannan taruka ne sa hannu ya sami farashi. Mai shirya taro kan biya tsohon ɗan wasa dunƙulallen kuɗi, ya zaunar da shi bayan tebur, ya sayar wa jama'a tikiti, kowane tikiti sa hannu ɗaya, a bi layi, wani lokaci ma da sharaɗin ba hira ba musabaha. Mantle, wanda albashinsa bai taɓa wuce dala 100,000 a shekara ba lokacin da yake wasa, shi ne sarkin wannan fage har rasuwarsa a 1995, kuma a nan ne sa hannunsa ya kammala siffar da aka san shi da ita, haruffan M guda biyu masu ciki kamar jinjirin wata, saɓanin sauƙaƙan haruffan da yake yi yana saurayi. DiMaggio, mai tarihin buga ƙwallo cikin nasara a wasa 56 a jere a 1941, ya fi shi tsada da sharuɗɗa, kuma sananne ne cewa ba ya sa hannu a kan duk abin da ya shafi tsohuwar matarsa Marilyn Monroe. Kuɗin tarukan yawanci a hannu ake biya, abin da ya jawo hankalin hukumar haraji: tsohon ɗan wasa Pete Rose ya yi wata biyar a gidan yari bayan an yanke masa hukunci a 1990, takwarorinsa Duke Snider da Willie McCovey kuma suka amsa laifin ɓoye irin wannan kuɗi a 1995.

Auren kati da sa hannu ya ɗauru ne a 1990. Kamfanin Upper Deck na Kalifoniya, wanda ya shigo kasuwa a 1989 da katuna masu sheƙi da ɗan tambari mai walƙiya a baya domin hana jabu, ya sa Reggie Jackson, gwarzon da ya yi wa Yankees bugun tsallake katanga sau uku a wasa ɗaya na World Series a 1977, ya rattaba hannu a kati 2,500, aka sa musu lamba da hannu, aka watsa su cikin miliyoyin ƙunshin katuna ba tare da mai saye ya san wanne ke ɗauke da su ba. Dabarar Goudey ce ta lamba 106 ta dawo da sabuwar riga, sai dai wannan karon abin da ake nema yana nan. Sauran kamfanoni suka bi sahu, kamfanin Score ya yi haka da Mantle a 1991, zuwa 1996 kuma kamfanin Leaf ya fitar da jerin da kowane ƙunshi ke da kati mai sa hannu. Topps ya cire cingam daga ƙunshinsa a 1992 saboda masu tarawa na kukan yana ɓata musu kati, wanda hakan ya nuna ƙarara cewa yaro mai kuɗin alewa ya daina zama abokin cinikin da ake yi domin sa. Yawan buga katuna fiye da kima, tare da yajin aikin 'yan wasa na 1994 da ya sa aka soke World Series, ya karya farashin katunan gama-gari, sai kamfanoni suka ƙara jingina da sa hannu, abin da inji ba ya iya ninkawa.

Inji ba ya iya ninkawa, amma ƙwararren hannu yana iyawa. A ƙarshen shekarun 1990 ofishin hukumar bincike ta FBI a San Diego ya ƙaddamar da wani bincike da aka kira Operation Bullpen, wanda Tony Gwynn na ƙungiyar San Diego Padres ya taimaka wa bayan ya ga sa hannunsa na jabu ana sayarwa. Ranar 13 ga Oktoban 1999 jami'ai suka kai samame wurare da dama a jihohi daban-daban, suka bankaɗo gungun da babban marubucinsu, Greg Marino, ya ƙware a hannun Mantle da Ruth da DiMaggio har ya kan yi ɗaruruwa a rana, kuma cikin kayan da aka kama har da ƙwallon besbol mai sa hannun Mother Teresa. Gungun kan nemo tsohuwar takarda da tsohuwar tawada domin sunayen mamata, amma babban makaminsu shi ne takardar shaidar inganci, wadda suke samu daga wasu masu kiran kansu masanan rubutu da ke sa hatimi a kan duk abin da aka kawo musu muddin an biya. Mai saye da ya ga takarda mai hatimi ya kan saki jiki, alhali takardar ta fi sa hannun sauƙin ƙirƙira.

Maganin da kasuwa ta samo shi ne ƙarin shaidu. Kamfanin PSA, wanda aka kafa a 1991, yana duba kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi cikin akwatin roba da ba a buɗewa sai an fasa, kuma a 1998 ya buɗe sashen tantance sa hannu, inda ake gwada rubutu da samfuran da aka tabbatar, kamar cekin banki da takardun yarjejeniya, ana duba inda alƙalami ya fara da inda ya ɗaga, da ko layin ya tafi da saurin wanda ya saba rubuta sunansa ko da rawar wanda ke kwaikwayo. Hukumar besbol ta manyan ƙungiyoyi ta kafa nata tsarin a 2001, inda jami'in tsaro ke tsayawa ya ga sa hannun da idonsa sannan ya liƙa tambari mai lamba da ake iya bincikawa a intanet. Bambancin tsarin biyu babba ne, domin na biyun shaidar gani ce, na farkon kuwa ra'ayin masani ne, kuma ga Ruth da Gehrig da Mantle ra'ayin ne kaɗai ya rage. Ya kamata a tuna cewa kati na farko da PSA ya taɓa ba maki, wato shahararren katin Wagner da ɗan wasan ƙwallon ƙanƙara Wayne Gretzky da abokinsa Bruce McNall suka saya kan dala 451,000 a 1991, dillalin da ya fito da shi, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu a 2013 cewa ya datse gefunansa domin su yi kaifi.

Mai tara katunan gwarzayen Yankees yana da jerin da ƙungiyar da kanta ta tanadar masa, wato lambobin rigar da aka jingine, ba za a sake ba kowa ba. Yankees sun fara sa lamba a bayan riga a 1929 bisa jerin fitowa bugu, shi ya sa Ruth ya sami 3, Gehrig ya sami 4, kuma ta Gehrig ce ta farko da aka jingine. Da aka jingine lamba 2 ta Derek Jeter a 2017, sai ya zamana daga 1 zuwa 9 babu wadda ta rage: Billy Martin, Jeter, Ruth, Gehrig, DiMaggio, Joe Torre, Mantle, sai lamba 8 da Yogi Berra da Bill Dickey suka yi tarayya a kanta, sannan Roger Maris. Wanda ya ɗauki wannan jeri zai gane da wuri cewa wahalar samun sa hannu ba ta bin girman ɗan wasa. Berra, wanda ya ci World Series sau goma yana ɗan wasa, ya rayu har 2015 yana zuwa taruka, don haka katinsa mai sa hannu ba ya wuyar samu, haka ma na Whitey Ford da ya kai 2020. Maris ya rasu a 1985 kafin kasuwar ta kai ganiyarta. Mafi ciwo ga masu tarawa shi ne Thurman Munson, mai lamba 15, kyaftin na farko da ƙungiyar ta naɗa bayan Gehrig, mutumin da ba ya son tsayawa sa hannu, wanda ya rasu a haɗarin ƙaramin jirgin samansa a jihar Ohio ranar 2 ga Agustan 1979 yana da shekara 32. Elston Howard, baƙar fata na farko da Yankees suka sa a wasa, a 1955, shekara takwas cur bayan Jackie Robinson ya karya shingen launin fata a ƙungiyar Dodgers, shi ma ya rasu a 1980. Jerin gwarzayen ƙungiyar na kafin zamaninsa farare ne zalla saboda an rufe ƙofa, kuma manyan 'yan wasan gasar baƙaƙen fata na wancan lokaci kusan ba a yi musu kati a Amurka ba, har Josh Gibson sai a wani katin Puerto Rico ya fito bayan rasuwarsa.

Domin cike gurbin mamata, kamfanoni sun koma sayen tsofaffin cekin banki da wasiƙu suna yanke sa hannun suna dasawa cikin sabon kati, kamar yadda Donruss ya sayi rigar wasan Ruth ta 1925 a 2003 ya yayyanka ta gunduwa-gunduwa domin rabawa cikin katuna, aikin da da wuya mai son tarihi ya kira shi adanawa. Ga masu rai kuwa, sau da yawa ɗan wasa bai taɓa ganin katin da ke ɗauke da sunansa ba, domin a kan shafin sitika masu ɗaruruwan gurabe yake sa hannu, daga baya a ɓare a liƙa, shi ya sa masu tarawa ke biyan ƙari kan wanda aka rubuta a jikin katin kai tsaye. Wani lokaci abin da ke cikin ƙunshi takardar alkawari ce cewa za a aiko da katin idan ɗan wasan ya sami sukunin sa hannu. Yawan aikin ya mayar da sa hannun 'yan wasa da dama harafi biyu da jan layi, abin da ya sa rubutun Mariano Rivera, ɗan ƙasar Panama da ya zama na farko da aka zaɓa cikin zauren gwarzayen besbol na Cooperstown da ƙuri'ar kowa da kowa a 2019, ya fita daban, domin kowane harafi na sunansa ana karanta shi. Kamfanin Fanatics ya saye sashen katunan Topps a farkon 2022, kuma manyan 'yan wasa na yanzu galibi suna da yarjejeniyar da ta keɓe sa hannunsu na sayarwa ga kamfani ɗaya.

Tsohuwar hanyar ba ta mutu ba. Har yanzu akwai masu aika ambulan biyu da kan sarki zuwa ga tsofaffin 'yan wasa, da masu tsayawa a bakin shinge a garin Tampa na jihar Florida, inda Yankees ke atisayen share fagen kaka, riƙe da maka mai shuɗiyar tawada da katin da suka riga suka goge fuskarsa da hodar jarirai domin rage santsi, kada tawadar ta taru ta yi ƙuraje. Amma mutumin da Mantle ya sa wa hannu da biro a ƙofar Yankee Stadium a 1956, in yana raye kuma yana son sayar da katinsa a babban gwanjo, ganin idonsa ba ya isar dillali. Sai ya cike fom, ya biya kuɗin dubawa, ya aika katin ga masu tantancewa waɗanda akasarinsu ba a haife su ba a waccan shekara, kuma idan siffar harafin M ɗin ta ba su shakka, za a maido masa da katinsa ba akwatin roba ba lamba, kuɗin dubawar kuma ba a mayarwa.